Makirufo Mai Jin Raɗa

Sau uku ina mayar wa Obiajulu makirufo, har ta kai in ya hango motata daga ƙofar shagonsa sai ya fara share wuri a kan kanta. Ba ya tambaya ko abin ya lalace, don ya san lafiyarsa ƙalau. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Madam, Mama ya ce me kuma?" Ni kuwa in tsaya ina jero masa laifuffukan da mahaifiyata ta tono, sai ka ce ni na ƙera abin.

Mahaifiyar tawa ita ce Hajiya Maijidda ta Dutse Uku, ungozoma mai ritaya. Rabin masu tuƙa keke tsakanin Tina Junction da cikin gari a hannunta suka faɗo duniya, Musulminsu da Kiristansu, kuma ba ta bari su manta. Da ta ajiye aiki sai ta ce littafi za ta rubuta, na abin da idonta ya gani a ɗakin haihuwa. Ƙanena Salisu ya aiko mata laftof daga Kaduna, ta koyi bugawa da yatsa biyu, tana yi tana mitar wanda ya watsa haruffan bai jera su yadda aka koya mata a firamare ba. Ta rubuta babi na ɗaya zuwa na uku, ta tsallake na huɗu, ta zarce har ƙarshen littafin. Kafin ta waiwayo kan wanda ta tsallake, sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu, ko kofin shayi da hannu biyu take tallafo shi.

Babi na huɗu na shekarar da ta yi haihuwar fari ne, kuma haihuwar farin nan ni ce.

Mu jinin Fulani ne da suka zauna gari tun kakanni. Shanu an bar su a hannun dangi, amma kunya an taho da ita har cikin Jos. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ni kuma abin ya zame mini biyu, don sunan surukarta aka sa mini, Ummukulthum. Na haura arba'in, ina da 'ya'ya uku, ina da mutanen da ke miƙewa in na shiga ofis, amma a bakin mahaifiyata ni "ke" ce. In da ƙannena take magana, "yayarku". In da baƙi, "ta Daɗin Kowa", kamar wata tashar mota. Salisu da ƙanwata Hanatu suna ce mata Inna. Ni a ɗakin kakata na tashi, na buɗe baki na ji ana ce wa mahaifiyata Adda, da ta je Makka na koma Hajiya, a nan muka tsaya.

Na karanta babukan da ta gama kaf, ina duba layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sunan Salisu yana ciki, na Hanatu yana ciki, har da sunan wata akuyar mai gadi da ta taɓa kutsawa ɗakin awo. Nawa babu. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, an faɗa mini haka tun ina ƙarama har na gaji da ji. Duk da haka ina so in ga sunana a littafin uwata, kuma ba na jin kunyar faɗa. Babi na huɗu ne kaɗai wurin da ba za ta iya zagaye ni ba.

Sai ga wata sabuwa. Maƙoƙon da ta daɗe tana ɓoyewa a ƙarƙashin mayafi ya girma har yana danne mata numfashi in ta kwanta. Likita ya sa tiyata ƙarshen watan Agusta, ya kuma faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa muryar tana iya dawowa bayan aiki, tana iya ƙin dawowa. Hajiya ta gyaɗa kai kamar labarin wata ake yi. Ni na fito daga asibitin ina lissafin cewa hannu ya riga ya tafi, murya kuma tana bakin ƙofa, ga babi ɗaya a buɗe.

Na ce mata ta faɗa ni in buga. Ta dube ni kamar na ce ta yi rawa a tsakiyar kasuwa. Hanatu tana Abuja da ɗanyen goyo, Salisu namiji ne, ba za ta yi zancen naƙuda a gabansa ba, 'yan makwabta kuwa ta ce bakinsu ba shi da murfi. Salisu ne ya kawo maganar manhajar da mutum zai yi magana ita kuma ta rubuta. Hajiya ta ce wannan da dama-dama, inji ba shi da ido. Shi ya ba da shawara daga Kaduna ya kashe waya, ni aka bari da yawon.

Tun daga nan ban sake zama ba. In tashi daga ofis, in bi ta shagon Obiajulu a cikin gari, in haura Dutse Uku, in sauko in kama hanyar Daɗin Kowa da ruwan sama a gilashi da gosulo a gaba. Ko a salla lissafin wayoyi nake yi. Mijina ya ce in na kwanta ƙafata ba ta daina taka burki.

Manhajar farko Turanci kaɗai take ji. Hajiya ta iya Turanci sarai, da shi ta yi wa likitoci faɗa shekara da shekaru, amma ta ce ba da Turanci matan nan suka yi naƙuda ba, ba kuma da shi za ta ba da labarinsu ba. Ta biyu tana jin Hausa, har ta ba ni mamaki, sai dai ba ta motsi sai da intanet. Sabis ɗin Dutse Uku kuwa in hadari ya haɗu shi ma sai ya nemi mafaka. Wannan bai dami Hajiya ba. Abin da ta tambaya shi ne ina muryar take zuwa kafin ta dawo a rubuce. Na ce wata babbar kwamfuta ce a wata ƙasa. Ta ce to wa ke zaune a gaban kwamfutar? Na ce ba kowa. Ta ce a asibiti ma haka ake cewa fayil ba wanda ke gani, kuma ita ta san masu gani. Aka cire ta.

Ta uku Obiajulu ne ya saka mana ita. A cikin laftof ɗin take zaune, ba ruwanta da intanet, ba ta aika komai ko'ina. Tana da nawa, in tana aiki fankar laftof ɗin har nishi take yi, kuma tana yin kuskure a kalma ɗaya cikin kaɗan. Amma tana ajiye muryar a gefen rubutun, yadda mai gyara zai danna layi ya ji ainihin abin da aka faɗa. Hajiya ta sa na rantse cewa ko an cire wayar intanet abin zai yi. Na cire a gabanta, ya yi. Ta ce to. Na ɗauka an gama, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Makirufon cikin laftof ɗin ba ya jin ta sai ta ɗaga murya, ita kuma maƙogwaron ba ya ba ta. Na sayo na tebur, mai ƙafa uku, baƙi mai sheƙi, wanda Obiajulu ya ce masu shirin rediyo a gida shi suke nema. Lallai yana ji. Ya ji Hajiya, ya ji injin markaɗen Maman Loyis a bayan katanga, ya ji mai tallan gawayi, ya ji ruwa a kan kwano. Ranar da ƙanƙara ta zubo, manhajar ta cika rabin shafi da kalmomin da ba wanda ya faɗa. Hajiya ta ce wannan ba makirufo ba ne, munafukin unguwa ne. Ina naɗe wayarsa ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko yana jin raɗa. Na ce wanda ke jin injin markaɗe ai ba a tambayarsa raɗa, sai dai ya haɗa ta da markaɗen.

Na biyu na sawa a kai ne, mai soso a kunnuwa da ɗan hannu da ke zuwa gefen baki. Shi ne ya fi dacewa da aikin, kowa ya faɗa, kuma da na gwada shi da kaina rubutun ya fito tsaf. Hajiya ta sa shi a kan ɗankwali, ya zame. Na ce ta cire ɗankwalin, ta ce a gaban wa? Na ce ai mu biyu ne a ɗakin, ta ce shi ya sa. Da ƙyar aka daidaita shi, ta kalli kanta a gilashin kabad ta ce ta zama direban jirgi, ga shi yana matse mata jijiyar da ke sauka wuya. Ta karanta layi biyu da muryarta ta kullum, sannan ta motsa leɓe ta faɗi wani abu can ƙasa, ta leƙa allon. Ba abin da ya fito. Ta cire shi ta miƙo mini da yatsunta murɗaɗɗu.

Na uku ɗan mitsitsi ne da ake maƙalawa a gaban riga. An sai da kare an sayi biri. Duk motsin da ta yi mayafi ya goge shi, sai ka ji kamar ana jan buhu a siminti. Hajiya kuwa ba ta zama babu mayafi tun da wuyan ya kumbura.

Kwanaki suna ta tafiya. An ɗebi jininta, an auna zuciya, an ba mu takardar abin da za a zo da shi. Ita kuma ta zauna abinta tana sa a wanke mata zannuwan gado, tana rabon tsofaffin kwanuka ga 'yan'uwa. Wannan rabon ne ya fi tayar mini da hankali. Laftof ɗin yana kan tebur a rufe da ɗan kyalle, babi na huɗu ba ko harafi.

Ranar da na zo karɓar na ukun, na taho da yunwa da ciwon kai, na tarar ta riga ta mayar da shi kwalinsa ta ajiye a bakin ƙofa, kamar kwanon da aka gama cin abinci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tsaya a tsakar ɗakin da jakata a kafaɗa na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce ba makirufo ne ba ya yi ba, ita ce ba ta so. Na ce ja take yi har ranar tiyata ta zo, a buga littafin da rami a tsakiyarsa, kowa ya fito a ciki har akuya ban da ni. Na ce na san al'ada, amma kakata ta yi shekara goma sha a ƙasa, ba wanda ya rage da za a ji wa kunya, sai ni da ake ƙi.

Na ce, "Hajiya, ko sau ɗaya ba ki taɓa kirana ba. Ko da kuskure."

Ta gyara mayafinta ta rufe wuyan. Ta dubi taga, inda injin Maman Loyis ke ta ruri.

"Ke, rage murya," in ji ta. "Abu ɗaya na ce ki samo mini. Na ce mai jin raɗa. Kin kawo mai jin unguwa, kin kawo na direban jirgi. Laifina ne?"

Na ɗauki kwalin na fita ko sallama ban yi ba. Ina tuƙi ina ci gaba da faɗan ni kaɗai, ina ba ta amsoshin da ban samu ba a ɗakin. A Tina Junction gosulo ya riƙe ni, wata tirela ta gitta ta kasa juyawa, masu keke suna ta hon, mai gasa masara tana kare garwashinta da faranti saboda yayyafi. A nan na zauna da hannuna a kan sitiyari, maganarta tana dawo mini. Tun na farko take tambayar raɗa. Da na biyu na ga leɓenta ya motsa, na ga ta leƙa allon, na ga fuskarta da ba abin da ya fito. Ni na ɗauka tsoron makwabta ne, ko tsirfar tsufa. Matar da ta saba ba da labarin mahaifa da jini da ɗinki da muryarta ta kullum ba ta da abin yi wa raɗa sai kalma ɗaya. Ashe duk yawon nan da nake yi ina jin haushinta, ita hanyar faɗin sunana take nema.

Kunya ta kama ni, haushin kaina ya biyo baya, sannan tsoro, don tiyatar saura kwana kaɗan. Da tirelar ta matsa ban nufi gida ba, na koma cikin gari.

Na sami Obiajulu yana shirin rufe shago. Wannan karon ban jero masa laifi ba. Na ce ina son makirufon da in tsohuwa ta sa baki a jikinsa ta yi raɗa zai ji, kuma ba zai ji komai ba bayan ita. Ya sosa gemu ya ce ai da tun farko na faɗa masa haka, shi yana ta ba ni na masu son a ji su. Ya shiga ciki ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da wani mai nauyi, irin wanda masu waƙa ke riƙewa a cocinsu. Ya ce wannan kurma ne, abin da ya wuce tafin hannu daga bakinsa bai san da shi ba, shi ya sa mai ganga ke dukan ganga a bayan mai waƙa ba ya shiga. Na ce ba ta iya riƙe komai. Ya ɗauko mariƙi mai wuya kamar na zalɓe, wanda ake lanƙwasawa ya tsaya inda aka bar shi, da wani ɗan akwati da ke ƙara wa muryar ƙarfi kafin ta shiga kwamfuta.

A shagon kusa ana ta kiɗa kamar za a fasa bango. Ya sa leɓe a jikin abin ya yi raɗa, ya kunna mini. Na ji shi sarai yana cewa yunwa yake ji, kiɗan kuwa can nesa kamar a wata unguwa. Ina zuba kayan a jaka ya ɗaga yatsa.

"Amma Madam, ka sani fa. Makirufo zai ji. Manhaja ne ban sani ba. Shi an koya masa magana, ba a koya masa raɗa ba."

Na ce Allah ya kai mu, na fita da sauri, maganar ta bi ta bayan kunnena.

Ofis ya riƙe ni, gwajin asibiti ya cinye wata ranar, ban samu na haɗa mata kayan ba sai jajibirin kwantar da ita, bayan azahar. Ba wadda ta ta da zancen faɗanmu. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara. Na ɗaure mariƙin a gefen tebur, na lanƙwaso wuyansa har soson bakin makirufon ya kusa taɓa leɓenta. Na nuna mata jan maɓallin da za ta danna da gefen hannu in za ta fara, da wanda za ta danna in ta gama. Ta gwada da bisimilla, ta fito a allo daidai. Injin markaɗe yana yi, bai shiga ba. Ta daɗe tana kallon abin.

Sai ta ce gwaten acca take sha'awa kafin a hana ta cin abinci, kuma ba yakuwa a gidan, ba gauta. In je Tina Junction in sayo, in duba da kyau, kada in karɓi ta jiya. Na san akwai yakuwa a kicin, don ni na kawo ta. Na ɗauki makullin mota na fita, na ja mata ƙofar har ta rufu.

Ban taɓa sayen ganye a hankali irin na ranar ba. Na bi masu tallan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga wannan ɗauri na ajiye, na yi cinikin da ba na bukata. Na sayi gautar, na sayi kabejin da ba a aike ni ba. Na duba agogo na ga ko rabin awa ban yi ba. Na zagaya na dawo na tsaya nesa da gidan, na kashe mota, na kunna, na sake kashewa. Ruwa ya sauko, na zauna ina kallon rufin ɗakinta ta gilashi ina tunanin ko wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu, ko ta danna maɓallin da ba shi ba. Sai da aka kira la'asar na shiga.

Na tarar ta rufe makirufon da gefen wani tsohon ɗankwali, yadda ake rufe abinci. Idanunta sun yi ja, ta ce hasken allon ne. Ta ce ta gama, in kashe, kuma kada in buɗe sai bayan aiki. Sannan ta ƙara da cewa in na gyara rubutun in goge muryar, ba ta son ta zauna a cikin inji. Na ce to. Na dafa gwaten, ta sha cokali kaɗan ta ce gishiri ya yi yawa.

An yi aikin lafiya. An cire abin, numfashi ya buɗe, Salisu da Hanatu suka zo suka cika ɗakin asibitin da lemo da surutu. Muryar ce ba ta biyo ta ba. In ta buɗe baki iska ce kawai ke fita, sai ta yi tsaki da fuska ta rufe. Likita ya ce a jira, wata uku, wata shida, wataƙila. Ya faɗi wataƙilar yana kallon fayil. Hajiya ta samo dabararta, ta riƙa buga cokali a jikin kofi in tana son wani abu. Bugu ɗaya ruwa ne, biyu a gyara mata filo. In ta buga ta nuna ni da haɓa, to "ke" ɗin ke nan.

Na kai mako biyu ban buɗe laftof ɗin ba. Ni da na yi ta haƙilo a kansa, sai na riƙa zagaye shi a kan teburin cin abincinmu a Daɗin Kowa. Mai maɗaba'a ya kira ya ce babi ɗaya yake jira. Wata Asabar da hantsi, yara sun tafi islamiyya, mijina ya fita, na zauna na buɗe.

Babin yana nan, shafi bakwai, da kura-kuran manhajar nan da can. Ta faɗi yadda aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ita da ta riga ta fara karɓar haihuwar wasu. Ta faɗi yadda ta yi naƙudar ba ta yi ko uhum ba, don kada a yi mata waƙa. Sannan ta ce:

"Na san yadda ake duba jariri, aikina ne. Amma wannan ba a ba ni izinin dubawa ba. In an miƙo ta sai in kau da kai, mata su yi ta yabon kunyata. Sai na jira an fita zubar da ruwan wanka, in buɗe zanen da sauri in ƙirga yatsunta. Kullum goma ne, kullum kuma sai na sake ƙirgawa."

Ta faɗi ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin surukarta, da yadda ta riƙa zuwa aron rariya kullum da safe alhali tana da biyu a ɗakinta. Ban san da wannan ba. Na tuna rariyar, mai baki ja, ban taɓa tambayar me ya sa take yawo tsakanin ɗakuna ba.

Amma sunan babu. Layin ya ce, "Ranar suna liman ya fito ya ce an samu", sai fili, sai aya. Can ƙasa, "Da aka sa", fili, "a makaranta, ni na ɗinka rigar." Na bi shafukan da yatsa, ko'ina aka zo kaina sai rami. Zuciyata ta hau. Na ce ashe ko a gaban inji sai da ta zagaye ni, ta aike ni sayen gauta don ta yi shiru a inda ya kamata ta yi magana. Har na kai hannu zan rufe laftof ɗin, sai yatsan Obiajulu ya faɗo mini a rai, da maganarsa cewa manhajar ba a koya mata raɗa ba.

Na jawo abin kunnen ɗiyata na sa. Na danna layin ranar suna.

Muryarta ta cika mini kai, muryar da yanzu babu ita, da kaurinta da ɗan shaƙewar da maƙoƙon ya sa mata. Ta zo kan "an samu" ta tsaya. Na ji numfashinta a jikin soson. Ta fara, ta katse. Ta yi gyaran murya, ta yi wata 'yar dariya ta jin haushin kai. Ta ce a hankali, tana nufin surukarta mai sunan, "Goggo, Allah ya jiƙanki, ki yafe mini." Sannan can ƙasa, ƙasa da inda manhajar ke iya kaiwa, ta faɗe shi, harafi bayan harafi, kamar mai taka dutse a rafi.

Na danna rami na biyu, yana ciki. Na uku ma haka. Tana tafiya yana yi mata sauƙi, har a wajen ɗinkin rigar makaranta ta faɗe shi da sauri, kamar wadda ta saba. Na riƙa cike ramukan da hannuna ina buga sunana, ina kuskuren haruffa saboda ba na ganin allon sosai. Maganar goge murya kuwa na san tun a lokacin ba zan cika ta ba, kuma zan faɗa mata, ta buga cokalinta yadda take so.

Rubutun ya ƙare a kan addu'a, amma layin muryar bai ƙare ba, da sauran ɗan tsawo a gaba. Na ɗauka ta manta maɓallin ne. Na bar shi yana tafiya. Shiru, sai ruwan da ke sauka a kwano can nesa, ruwan da nake zaune a mota ina kallo. Na ji ta matso, leɓenta ya taɓa soson. Wannan karon ba labari take bayarwa ba. Ta ja ƙarshen sunan ta ɗaga shi, yadda uwa ke yi in abinci ya sauka yarinya tana wasa a waje.

"Ummukulthum."

Ban san na miƙe ba sai da wayar abin kunnen ta fizge ni, kujera ta faɗi a bayana.

"Na'am, Inna," na ce.